Ƙibar Mai Juna Biyu da Ciwon da Ba Mu Raɗa wa Suna Ba



Gabatarwa

Na san akwai waɗanda da suka ga sunan wannan lacca suka ce a ransu, me ya haɗa malamin Hausa da maganar asibiti? Tambayar tana bisa hanya. Ni dai ba likita ba ne, ban kuwa zo nan don in rubuta wa kowa magani ba. Sana'ata ita ce bin diddigin kalmomi, a kanta na yi karatu a gida da ƙasar waje, da ita kuma na ke ci. Amma a cikin wannan sana'a na lura da abu guda, watau duk abin da al'umma ba ta raɗa wa suna ba, da wuya ta gan shi, ko da kuwa yana zaune a tsakar gidanta. To, yau ina so in yi magana a kan wani ciwo irin wannan, wanda ya ke ɓuya a bayan wata kalma mai daɗi da mu ke faɗa wa mata masu juna biyu, watau “ciki ya karɓe ki”.

Abin da Ya Faru a Gidanmu

Ina da ƙanwa malamar makaranta, tana aure a Unguwar Shanu, nan cikin garin Kaduna. Ta yi ɓari sau biyu, aka ce haƙuri, mai rabon shan ruwa bai zo ba tukuna. Da ta sami ciki na uku, kafin ya cika wata biyar ta ƙara wajen kilo 12, alhali kuwa abinci bai dame ta ba, loma biyu uku ta ture kwano. Fuskarta ta yi suntum, fatarta ta bushe, gashi yana biyo mataji, muryarta ta dushe. A cikin zafin watan Afrilu, sa'ad da kowa ke neman inuwa, ita tana lulluɓe da mayafi mai kauri. Barci kuwa ba dare ba rana, ga taurin bayan gida.

Ku ji yadda muka fassara waɗannan alamu. Mata 'yan'uwa suka ce ciki ya karɓe ta, ta yi kyau, ta murje. Maigidanta ya ce son jiki ne. Ni kaina, da ilmin nawa, na ce laulayi ne, kowane ciki da irin nasa. A wani ƙaramin asibiti da ta ke zuwa awo aka ɗora ta a sikeli, aka yi mata faɗa, aka ce ta rage ci. Kowa ya sami kalmar da ya rufe maganar da ita. Sai da Allah ya haɗa ta da wata likita wadda ta sa hannu ta taɓa wuyanta, ta ce ta haɗiyi yawu, sa'an nan ta tura ta gwajin jini, kana aka gane cewa wata 'yar halitta ce a wuyanta ta gaza aiki. Aka ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ta haihu lafiya, yarinyar yau tana makarantar firamare. Ko ɓarin nan biyu na farko daga nan su ke, Allah ne masani, amma ban daina tambayar kaina ba.

Mece ce Wannan Halitta?

Bahaushe ya san maƙoƙo tun kaka da kakanni, kalmar tana cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934. Amma maƙoƙo sunan kumburi ne, watau abin da ido ya gani bayan ɓarna ta bayyana. Ita halittar da ke kumburan, wadda kowanenmu ke ɗauke da ita a wuyansa lafiya lau, ba mu da sunanta a bakin kowa da kowa. Sabo da haka zan ari sunan da likitoci ke kiranta da shi, in ce tairod. Wani likitan Ingila, Thomas Wharton, shi ya raɗa mata wannan suna a 1656, daga kalmar Girkanci mai ma'anar garkuwa.

Tairod tana gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, ta rungumi maƙogwaro dama da hagu kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Nauyinta bai fi giram 20 zuwa 25 ba. Aikinta shi ne ta tsamo sinadarin aidin daga cikin jini, ta sarrafa shi ya zama wani sinadari da a ke kira tairoksin, ta sake shi ya zaga jiki. Shi wannan tairoksin shi ke ƙayyade saurin da jiki ke ƙona abinci ya mai da shi ƙarfi da ɗumi. Ku ɗauka murhu ne: in iska ta wadata wuta ta kama sosai, in ta yi ƙaranci sai itace ya yi ta hayaƙi, tukunya ba ta tafasa. Wanda tairod ɗinsa ta yi rauni haka jikinsa ya ke, zuciya ta rage gudu, hanji ya yi nawa, sanyi ya dame shi, ruwa ya taru a ƙarƙashin fata, tunani ma ya yi nauyi.

Tairod ba ta aiki gaba gaɗi. Akwai wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta kamar ƙwayar wake, ita ke aiko mata da umurni ta cikin jini, da wani sinadari mai suna TSH. Ma'aikatan gwamnati da ke nan za su fi kowa gane wannan. In reshe yana aiko da rahoto a kan kari, hedkwata ba ta yawan damunsa. In ya yi shiru, sai takardun tuni su yi ta zuwa, ɗaya bayan ɗaya. To, likita in ya auna jini ya ga TSH ya yi yawa, ya san takardun tuni sun taru, watau reshe ya gaza. Wannan shi ne gwajin farko, jini kaɗan a ke ɗiba a hannu, in ya nuna alama sai a auna tairoksin ɗin kansa.

Manyan dalilan raunin tairod biyu ne. Na farko ƙarancin aidin a abinci, shi ne babban dalili a duniya baki ɗaya. Na biyu kuwa shi ne garkuwar jiki ta juya ta yaƙi tairod ɗin mai ita, ciwon da wani likitan Japan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana a 1912, har yau da sunansa a ke kiransa. Wannan na biyu ya fi kama mata, ya kan kuma bi jini a dangi. Akwai kuma waɗanda aka yi wa aikin maƙoƙo aka cire musu tairod, ko wani sashe nata.

Tairod da Juna Biyu

Mace in ta ɗauki ciki, aikin tairod ɗinta ya kan ƙaru da kusan rabi, domin tana yi wa rai biyu hidima. Ɗan tayi ba ya fara haɗa nasa tairoksin sai wajen mako na 12, ba ya kuma iya dogara da nasa sosai sai wajen mako na 18 zuwa 20. Kafin nan da na uwarsa ya dogara, a daidai lokacin da a ke gina ƙwaƙwalwarsa. Wannan shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar maikirogiram 150 na aidin kowace rana, amma mai ciki da mai shayarwa 250.

A ƙasashen da aka yi ƙididdiga, a cikin mata masu ciki dubu a kan sami uku zuwa biyar masu raunin tairod bayyananne, sa'an nan biyu zuwa uku cikin ɗari masu ɗan rauni wanda gwajin jini kaɗai ke nunawa. Bayyanannen rauni in ba a yi maganinsa ba, yana ƙara hatsarin ɓari, da haihuwar bakwaini, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin jini, da rabuwar mabiyiya kafin lokaci, da zubar jini bayan haihuwa. A 1999 wani likita a Amurka, James Haddow, da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan yara 'yan shekara bakwai zuwa tara, suka tarar waɗanda uwayensu ke da wannan ciwo ba a yi musu magani ba sun gaza sauran yara da maki bakwai a awon basira. Game da ɗan raunin nan mara alama kuwa, manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2012 da 2017 ba su nuna cewa magani ya ƙara wa yara basira ba. Sabo da haka wadda aka ce tata 'yar kaɗan ce kada hankalinta ya tashi, ta bar wa likita ya auna ya yanke.

Wahalar ita ce, alamun ciwon da alamun ciki sun yi kama. Gajiya, barci, taurin bayan gida, ƙarin nauyi, duk mai ciki lafiyayya ma tana yinsu. Amma kama da wane ba ta wane. Mai ciki bisa al'ada zafi ta ke ji, bugun zuciyarta kuma ya kan ƙaru. In aka ga tana rawar ɗari a bazara, fata ta bushe, murya ta dushe, wuya ya ɗan tasa, to, lalle a nemi gwaji. Haka kuma wadda ta taɓa yin maƙoƙo ko aikin wuya, da wadda a danginsu akwai mai ciwon, da wadda ta yi ta ɓari ko ta daɗe ba ta sami ciki ba, da mai ciwon sukari irin na tun ƙuruciya, waɗannan ya kamata su faɗa da bakinsu tun ranar awon farko, kada su jira a tambaye su.

Nauyin da Ya Dace

Yanzu mu zo kan sikeli, domin nan ne a ke yawan kuskure ta fuska biyu. Ciki lafiyayye dole ya ƙara nauyi. Jariri kansa kilo 3 ne zuwa 3 da rabi. Mabiyiya ta haura rabin kilo, ruwan faya kusan kilo 1, mahaifa ma kusan 1, nono ya ƙara rabi ko fiye, jini ya ƙaru da wajen kilo 1 da rabi, sauran ruwan jiki kamar haka, sa'an nan kitsen da jiki ke tanada domin shayarwa wajen kilo 3. In kun tara za ku sami kilo 12 ko sama kaɗan.

A 2009 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar da ma'aunin da a ke amfani da shi a ƙasashe da dama. Ya dogara ne ga jikin mace kafin ciki. A kan raba nauyinta na kilo da tsawonta na mita sau kansa. Alal misali, mai kilo 60 da tsawon mita 1.6, a raba 60 da 2.56, a sami 23 da 'yan kai. Wadda lissafinta ya faɗa tsakanin 18.5 da 24.9 ita ce matsakaiciya, an so ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a dukan cikin. Siririya da ta gaza haka, 12.5 zuwa 18. Mai jiki, daga 25 zuwa 29.9, kilo 7 zuwa 11.5. Mai ƙiba sosai, daga 30 zuwa sama, kilo 5 zuwa 9. Wannan lissafi na mai ɗauke da ɗa guda ne, mai tagwaye nata daban. A wata ukun farko ƙarin kaɗan ne, rabin kilo zuwa kilo 2, bayan nan matsakaiciya ta kan ƙara abin da bai kai rabin kilo ba kowane mako.

To, nawa ne rabon tairod a cikin wannan? Ƙungiyar Likitocin Tairod ta Amurka ta ce abin da raunin tairod ke ƙarawa galibi kilo 2 ne zuwa 5, yawancinsa kuwa ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe. Wannan magana tana da kaifi biyu. Ta farko, ƙarin nauyi mai sauri tare da rashin cin abinci da jin sanyi alama ce da ba a rufe ta da “ciki ya karɓe ki”. Ta biyu, wadda aka tabbatar tana da ciwon kada ta ɗora wa tairod dukan laifi. In magani ya daidaita jininta, ma'auninta daidai ya ke da na kowace mace. Ƙanwata ruwan ne ya sauka, fuska ta saɓe, sauran kuwa sai da ta yi aiki a kansa bayan yaye.

Kuskure na farko shi ne namu na gida, da mu ke cewa mai ciki tana ci ne na mutum biyu, mu yi ta tura mata tuwo da lemon kwalba da soye-soye. A wata ukun farko jiki ba ya bukatar ƙarin abinci, daga baya ma abin da ya ke nema bai wuce kamar kofin kindirmo da ƙwai da 'yar ayaba ba. Kuskure na biyu shi ne na 'yan boko, mace ta ga sikeli ya hau ta tsorata, ta shiga horon yunwa ko shan shayin rage ƙiba. Ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne. Wake, ƙwai, kifi, nono, zogale, alayyafo, da 'yar tafiya da yamma in likita bai hana ba, sun wadatar. Wanda ya fi duka muni shi ne mace ta ƙara wa kanta ƙwayar tairod don ta rame. Yin haka yana sa zuciya gudu, yana cutar da ita da abin da ke cikinta.

Akwai wani kumburi da ba a kwana da shi. In fuska da hannuwa suka kumbura farat ɗaya bayan wata na biyar, ga ciwon kai mai tsanani, ido yana ganin dishi-dishi, wannan ba a tsaya zancen tairod, hawan jini ne mai kai wa ga jijjiga, asibiti a ke nufa a wannan sa'a.

Magani da Ƙa'idojinsa

Maganin wannan ciwo tsoho ne. A 1891 George Murray a Ingila ya yi wa wata mata allurar ruwan tairod ɗin tunkiya, ta farfaɗo, ta ƙara shekara 28 a duniya. A 1914 Edward Kendall a Amurka ya tace tairoksin zalla. Ƙwayar da a ke bayarwa, lebotairoksin, kwafin abin da jiki ke yi ne, ba ta cutar da ciki, ba ta hana shayarwa. Ina jaddada wannan domin mata da yawa da zarar sun ga wata ya wuce sai su ajiye kowane magani don tsoro, alhali wannan ita ce ƙwayar da ajiye ta ke da hatsari. Hasali ma bukata ƙaruwa ta ke yi. Ƙa'idar da ƙungiyar nan ta Amurka ta fitar a 2017 ta ce wadda ta ke kan maganin tun da, da zarar ciki ya tabbata a ƙara mata wajen kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, a kuma riƙa auna jininta kowane mako huɗu har tsakiyar ciki. Wannan ƙari likita ke tsara shi, an fi so a yi maganar tun kafin cikin ya samu.

A kan sha ta da ruwa zalla da sassafe, ciki ba kome, a jira rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin karin kumallo. Ga wurin da a ke yawan tuntuɓe: maganin ƙarin jini da a ke ba kowace mai ciki a wurin awo, da ƙwayar ƙarfin ƙashi, suna kama tairoksin a hanji su hana shi shiga jini. Dole a raba su da sa'a huɗu, wannan da asuba, wancan bayan azahar ko da dare. Awara da madarar waken suya ma suna rage shigarsa, kada a haɗa su da shi lokaci guda. Mace tana iya shan maganinta kullum ba fashi, amma ta haɗa shi da na ƙarin jini a tafin hannu ɗaya, gwaji ya yi ta nuna bai yi aiki ba.

Bayan haihuwa a kan koma ƙa'idar da, a sake gwaji bayan mako shida. Wajen mace biyar cikin ɗari kuma tairod ɗinsu kan rikice a shekarar farko bayan haihuwa, ko da da can lafiyarta lau. Mai jego in gajiya da baƙin ciki da kumburi suka ƙi barinta, a duba. A duba zuciya ma, domin tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka nuna a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cewa yawan kunun kanwa da zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar masu jego.

Maganar Gishiri

Kaduna tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, aidin kuwa a teku ya fi yawa, shi ya sa aka san ƙasashen tuddai irin na Jos da yawan maƙoƙo. A 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, a 2005 kuma aka shaide ta a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta cika wannan sharaɗi. Matasan da ke zaune a nan ba su ga maƙoƙo yadda muka gan shi muna yara ba, wannan kuwa albarkar dokar nan ce. Amma doka tana tsayawa ne a bakin ƙofar madafa. Balma da manda da kanwa ba a sa musu aidin ba. Gishirin da aka zube a faranti, rana ta doke shi, damina ta jiƙa shi, yana rasa nasa. In uwargida ta shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko ta Kawo, ta nemi na ƙunshi mai shaidar aidin, ta zuba a mazubi mai murfi, nesa da murhu. Ba cewa na yi a ƙara yawan gishiri a miya ba, ɗan da a ke sawa ya zama mai aidin. Wadda kuwa ciwonta irin na Hashimoto ne, gishiri ba zai warkar da ita ba, sai ƙwaya.

Kammalawa

Jama'a, abin da na ke roƙo kaɗan ne. Magidanta, musamman ma'aikata masu albashi, in iyali ta ce ta gaji kada a yi saurin cewa son jiki ne, kuɗin gwajin jini bai kai kuɗin ragon suna ba. Mata, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, ku faɗa wa likita duk abin da ku ke ji, ku riƙe katin awo, ku san nauyinku na farko. Masu tsara aikin lafiya, a koya wa ma'aikatan awo su riƙa taɓa wuya kamar yadda su ke taɓa ciki, a kuma riƙa gaya wa mata zancen sa'a huɗun nan da Hausa.

Ɗalibaina na sashen Hausa kuwa, naku aikin ya fi na kowa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna yana ɗauke da sunan Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Ku je can da littafi da alƙalami, ku zauna da likitoci da ungozomomi, ku ji yadda mata ke kwatanta abin da ke damunsu, ku fito mana da suna na Hausa wanda tsohuwa a Malali ko Unguwar Rimi za ta ji ta gane, ta kuma iya cewa jikarta, tashi mu je a auna miki shi. Da muna da wannan suna a gidanmu, da ƙanwata ba ta kai wata biyar tana lulluɓe da mayafi a bazara muna yi mata barka ba.

Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya raya abin da suka haifa.